Mutum lafiyarsa ƙalau: wane gwaji ne dole, wane ne ɓarnar kuɗi?

Malamin Firamare, Jega

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya, kuma ina roƙon ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu su ba ni amsar da mai ƙaramin albashi zai iya aiki da ita, ba wadda za a ce in tafi Abuja ba.

Shekaruna 46. Ina koyarwa, da rani kuma ina ɗan taɓa noman albasa. Rabona da kwanciya asibiti tun ina yaro. Ba na shan taba, goro dai ba na wuce shi, shayi kuwa safe da dare, da sukari yadda ya kamata. Bayan sallar layya yayana, wanda nake bi, ya faɗi a rumfarsa ta kasuwa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma sai da ƙyar. A asibiti suka ce jininsa ya daɗe a sama bai sani ba. Mutumin da ko ciwon kai ban taɓa jin ya yi kuka da shi ba. Mahaifiyarmu kuma, Allah ya jiƙanta, ciwon suga ne ya yi ajalinta.

Tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Na je wani ɗakin gwaji mai zaman kansa na ce a duba ni gaba ɗaya. Yarinyar da ke kan tebur ta miƙo min takarda mai layi-layi: ƙoda, hanta, kitsen jini, taifot, maleriya, olsa, hoton ƙirji, hoton ciki, mafitsara, da wasu sunayen da bakina ba ya iya faɗa. Da ta haɗa lissafi, kuɗin ya haura albashina na wata. Na ninke takardar na sa aljihu na ce zan dawo.

A hanyar gida na biya ta asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarmu, inda matata ke kai yara rigakafi. Ma'aikaciyar wurin ta duba takardar ta yi murmushi, ta ce fiye da rabin abin da ke ciki ba ni da buƙatarsa, wai kuma ƙa'idojin da likitoci ke bi wajen duba mai lafiya sun canza a 'yan shekarun nan. Har ƙaramin asfirin ɗin nan da wani abokin aikina ya ce in riƙa haɗiya kullum don kada jinina ya daskare, ta ce in dakata tukuna. Ranar rigakafi ce, rumfa cike da mata da jarirai, ban samu damar tsare ta da tambaya ba.

To, mutum irina, wanda ba ya jin ciwon komai amma a gidansu akwai hawan jini da suga, me ya kamata a duba masa, kuma bayan wane lokaci zai sake? Me ya canza a ƙa'idojin, wa ya canza su? Asfirin ɗin in sha ko in bari? Kuma in abin ya canza jiya, me zai hana ya sake canzawa gobe, mu da muka zuba kuɗi mu tashi a tutar babu?

Ma'aikaciyar Lafiya, Argungu

Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ba likita ba ce, a matakin farko nake aiki, don haka zan tsaya kan abin da hannuna ya saba da shi. Abin da ya fi maka muhimmanci ma ba ya cikin takardar nan taka, domin ba a ɗakin gwaji ake yin sa ba. Na'urar nan ce da muke ɗaurawa a damtse. Minti biyu an gama, wurare da yawa ko sisi ba a karɓa.

Mutanenmu sun ɗauka hawan jini sai da ciwon kai da jiri da rashin barci. Yawanci ba ya zuwa da komai. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce cikin kowane manya uku a duniya ɗaya na da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Na sha ganin manomi ya taso daga fadama da ƙarfinsa, ya rako matarsa awo, in ce Baba kawo hannunka kai ma, na'ura ta nuna 170 bisa 100, shi kuwa yana ta zolayata wai aljihunsa nake nema.

Amma awon yana da ladabinsa, kuma nan ake yawan kuskure. Kada ka sauka daga babur cikin rana a ɗaura maka nan take. Ka zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Ka tuɓe babbar riga, kada a ɗaura a kan shadda mai sitaci. Ka yi fitsari tukuna. Goro da shayi mai kauri da taba a bar su aƙalla rabin awa kafin awo; na ga ka ce goro ba ka wuce shi, to ranar sai haƙuri. Na'ura na aiki ba a magana, ko gaisuwa ce. Mai kaurin damtse kuma a nemo masa babban maɗauri, don ƙarami yana ƙara lambar ƙarya.

Awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Sai an ga lambar sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, a ranaku biyu daban-daban, sannan a ce mutum yana da hawan jini. Amma in ta haura 180 bisa 120, balle ga ciwon ƙirji, ko gani ya dushe, ko baki ya karkace, wannan babu jira, asibiti kai tsaye. In naka ya fito daidai, da tarihin gidanku, ka riƙa sakewa ko da sau ɗaya ne a shekara. Ka sa masa lokacin da ba za ka manta ba, kamar kafin azumi.

Abin da ya canza a ɓangarenmu shi ne ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021. Ta ce ba sai likita kaɗai ba: nas da mai harhaɗa magani da sauran ma'aikatan da aka horar za su iya ba da maganin hawan jini, matuƙar akwai tsari rubutacce da likitan da ke sa ido. Mai shan magani a gan shi wata-wata har jinin ya sauka, daga nan duk wata uku zuwa shida. A da iyakarmu mu rubuta takarda mu ce je ka babban asibiti, mutumin ƙauye kuwa ya lissafa kuɗin mota da yinin da zai rasa, ya soke takardar a jinka. Yanzu inda aka horar da ma'aikata aka kuma kawo magani, yawanci da amlodipine ake farawa, ƙwaya ɗaya a rana. Wasu yana ɗan kumbura musu idon sawu. In haka ta faru a dawo a faɗa, ba a daina a ɓoye ba.

Dainawar nan ita ce babbar matsalarmu, ba rashin gwaji ba. Mutum ya sha wata biyu, ya ji daɗin jikinsa, ya ce ya warke. Hawan jini ba zazzaɓi ba ne.

Sai gishiri, kuma wannan magana da uwargida za ka yi ta, ba da mu ba. Iyakar abin da aka yarda wa babba a yini bai kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokalin shayi, kuma lissafin ya haɗa da wanda ba ka gani: dunƙule, kanwa, yajin tsire, garin da ke cikin ledar taliyar yara. Tukunya ɗaya a jefa dunƙule huɗu sannan a bi da gishiri. A rage a hankali, a ƙara daddawa da albasa, tunda kai ma kana noma ta.

Dattijo daga Gwandu

Malam, Allah shi ba yayanka lahiya. Amma ni dai ban ga abin tada hankali ba ga wanga batu. Kakanninmu sunka yi shekara tamanin, casa'in, ba wanda yat taɓa ɗaura musu komi ga hannu. Kaza mai yawan tone-tone ita ka tono wuƙar yanka ta. Ka tahi da ƙahwahunka, a ce maka kana da kaza, ka dawo gida da tunani, tunanin nan shi za shi kwantar da kai tun ciwon bai zo ba.

Wani maƙwabcina, anka zo da wata kwamfuta ranar kasuwa, da lasifika bisa mota. Yar riƙe wani ƙarhe ga hannu, ba a ɗebi jini ba, ba a ɗebi hitsari ba, takarda ta hito wai ƙodarshi da hantarshi da zuciyarshi duk sun taɓu. Nan take anka sayar mishi da kwalabe na kuɗɗi masu yawa, har da tunkiya yas sayar. Yau shekara nawa, mutum na nan shina noma. To mi za ku ce ga wannan?

Kuma ku da kanku kun ce ƙa'ida ta canza. Jiya a ce sha asfirin, yau a ce bari. Wanda yab bi ta jiya, wa za shi biya shi?

Likitan Iyali, Birnin Kebbi

Baba, ranka ya daɗe, rabin maganarka ina tare da kai, kuma ba don girmamawa kawai ba. Kwamfutar kasuwar nan damfara ce tsagwaronta. Babu na'urar da za ka riƙe ƙarfe ta karanta ƙoda da hanta. Kuma gaskiya ne gwajin da ba a buƙata yana cutarwa: ya nuna abin da ba ciwo ba, a shiga kashe kuɗi da fargaba da shan maganin banza. Sababbin ƙa'idojin da Malam ke tambaya a kai, babban aikinsu ke nan, su ce wannan a yi, wancan a bari. Inda muka rabu shi ne batun kakanni. Muna tuna waɗanda suka kai casa'in ne don sun daɗe tare da mu. Wanda ya faɗi a gona yana ɗan hamsin, cewa aka yi iska ta buge shi.

Malam, kan wa ke canzawa: kowace ƙasa na da masu zama su duba sakamakon bincike su sabunta. A Ostireliya ƙungiyar likitocin iyali na da kundi guda na wannan aiki, bugu na goma ya fito a 2024. Amurka na da kwamitinta. Mu muna dogara da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Ba a kwafo na wata ƙasa kai tsaye, domin kowa da cutar da ke kashe mutanensa. Su can sankarar fata na damunsu saboda farar fata da zafin rana. Mu nan ciwon hanta da zazzaɓin cizon sauro da sikila da mutuwa wajen haihuwa ne a gaba. Ko lambar hawan jini ma ba ɗaya ba ce: tun 2017 likitocin zuciya na Amurka suka sauko da ita zuwa 130 bisa 80, shi ya sa za ka gani a intanet ka rikice. Mu 140 bisa 90 muke bi, sai mai suga ko ciwon ƙoda ko wanda ya taɓa ciwon zuciya, shi akan fara masa magani tun daga 130.

Asfirin: ka bari. Yana hana jini daskarewa, haka ne, amma ta wannan hanyar ce yake jawo zubar jini a ciki, wani lokaci a ƙwaƙwalwa. Da aka yi manyan gwaje-gwaje kan mutanen da ba su taɓa bugun zuciya ko shanyewar jiki ba, sai aka ga ribar kaɗan ce, zubar jinin kuma tana cinye ta. A 2022 kwamitin Amurka ya ce kada ɗan shekara 60 zuwa sama ya fara sha don rigakafi, ɗan 40 zuwa 59 kuma sai in haɗarinsa babba ne kuma ya zauna da likita. A nan ga olsa ta yi yawa, ga jinin da ba a sauko da shi ba. Baba, amsar tambayarka ke nan: ba a canza don son rai ba, ƙidaya aka sake da mutane masu yawa. Wanda ya riga ya samu shanyewar jiki lissafinsa daban ne, kuma ya danganta da ko jijiya ce ta toshe ko fashewa ta yi. Don haka ko Yaya kada a saya masa a kemis, sai abin da likitansa ya rubuta.

Yanzu takardarka. Suga ka yi, saboda Inna da kuma shekarunka. Ka kwana ba ka ci komai ba na awa takwas, ruwa kawai, a ɗiga jini da safe. In ya kai 7.0, ko 126 a ɗaya ma'aunin, a sake wata rana don tabbatarwa. In ya fito daidai, bayan shekara uku ya isa, sai in ka fara yawan fitsari da ƙishirwa da rama. A nan ma an sauko da shekarun farawa: Amurka ta dawo da su 35 daga 40 ga masu ƙiba tun 2021. Akwai wani gwajin mai tsada, HbA1c, da ke nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku. Yana da kyau, amma ga mai sikila ko ƙarancin jini yakan yi ƙarya.

Ciwon hanta nau'in B ka yi, sau ɗaya, kai da iyalinka. Wannan shi ne wanda na fi son mutanenmu su ji. Binciken ƙasa na 2018 ya samu kusan kashi 8 cikin ɗari na manyan Najeriya na ɗauke da shi. Allurarsa sai a 2004 ta shiga rigakafin yara, ke nan duk wanda aka haifa kafin nan bai samu ba, sai dai in shi ya nema da kansa. Yawanci tun ana ƙanana ake ɗauka, daga uwa wajen haihuwa, ko ta aska da ƙahon da aka yi wa wani aiki da su ba a tafasa ba. Jaririn da ya kamu, tara cikin goma cutar na zama masa ta dindindin, ta yi shiru shekara talatin, arba'in, sannan ciki ya kumbura a ce sammu ne. In gwajinka ya nuna babu, ka yi allura uku: yau, bayan wata ɗaya, da bayan wata shida. In akwai, ba hukuncin kisa ba ne. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan fara magani, mutane da yawa da a da ake ce musu su jira yanzu sun cancanci tenofovir, kuma ana iya yanke shawara da gwajin jini mai sauƙi ko da babu na ƙidayar ƙwayar cutar. Mai ɗauke da shi ya nisanci gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a rumbu, dafinsu na ƙara haɗarin sankarar hanta.

Ƙoda da fitsari da kitsen jini sai in an same ka da hawan jini ko suga, sannan su zama dole. Taifot da maleriya da olsa ga mutumin da ba ya zazzaɓi ba ya ciwon ciki, ka soke su. Gwajin Widal ɗin nan, tara mutum goma masu lafiya a tasha, za ka samu waɗanda zai ce suna da taifot. Hoton ƙirji da na ciki su ma ka soke. Tari ne in ya kai mako biyu, a kai majina, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Gwajin PSA, na ƙullutun nan da ke ƙasan mafitsarar maza (prostate), yana da gardama: yana kama sankara da wuri, amma yana kama abin da ba zai taɓa kashe mutum ba, a yi masa aikin da zai bar shi da yoyon fitsari ko raunin mazakuta. Baƙar fata haɗarinmu ya fi, don haka in mahaifi ko ɗan'uwa ya yi, zo mu zauna mu yi magana. Ba abin da za a cusa a takarda ba ne ba tare da bayani ba. Ido kuwa, tunda ka haura 40, ka sa a auna maka hawan jinin ido, shi ma shiru yake cin gani.

Abu biyu da ba sa cin kuɗi. Ka auna tsayinka da igiya, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka daidai saman cibiya. In bakunan ba su haɗu ba, tumbi ya yi yawa. Sannan haɗin maganin gajiyar nan da ake ƙullawa a leda bayan an taso daga gona, ka rabu da shi. Akan samu diclofenac a ciki, mai tada jini yana cin ƙoda, wani lokaci har da dexamethasone mai tada suga.

Malamin Firamare, Jega

Likita da Hajiya, Allah ya saka da alheri. Baba, na gode, ban ƙi taka ba. Takarda mai layi goma sha ta koma abu uku ko huɗu. Igiyar ma na gwada yanzu, da ƙyar bakunan suka gaisa, shayin dare zai ji a jikinsa.

Saura iyali. Matata shekarunta 34, tana da ƙaramin ciki. Babbar 'yata 11, an zo makarantarsu da allurar sankarar mahaifa, kakarta ta wajen uwa ta hana, wai tana hana haihuwa. Autanmu kuma yana wata takwas, an ce akwai sabuwar allurar maleriya. Me za ku ce?

Ungozoma, Zuru

Malam, ka lallaɓa Kaka, kada ka yi mata gardama a gaban mutane. Tsoronta ba daga sama ya faɗo ba. Mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba. Amma wannan allurar ba sabuwa ba ce a duniya, tun 2006 ake yin ta, 'yan matan da aka fara yi wa sun yi aure sun hayayyafa. Najeriya ta fara a Oktoba 2023, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kyauta, kuma allura ɗaya tak, domin a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya ta wadatar. Ana yi tun suna ƙanana ne don ta fi aiki kafin aure. Ka ce wa Kaka abin da ke hana haihuwa shi ne ciwon kansa, don in ya yi nisa mahaifar ake cirewa, in ma an samu an cire. Ni na ga matan da suka shekara suna zubar jini da ruwa mai wari suna ɓoyewa don kunya, ana ta jiƙe-jiƙe. In ta fi jin maganar mutanen gida, ai likitar nan Zainab Shinkafi-Bagudu ta daɗe tana wannan kira a jihar nan, har a 2024 aka zaɓe ta ta gaji shugabancin ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya.

Uwargida ita ma bayan ta haihu ta yi arba'in ta huta, a duba mata bakin mahaifa. Ƙa'idar 2021 ta ce daga shekara 30, da gwajin ƙwayar HPV, mai jawo sankarar mahaifa, duk shekara 5 zuwa 10. Inda babu shi, a shafa wani ruwa mai tsami a duba da ido duk shekara uku. Ba zafi, kuma za ta iya cewa mace take so ta duba ta.

Yanzu dai awo ne a gabanta, kuma kada ta jira ciki ya fito. Tun 2016 aka daina cewa zuwa huɗu ya isa, takwas ne, na farko cikin wata ukun farko. Kowane zuwa a auna jini, a duba fitsari, don jijjiga ba ta sallama. Daga wata na huɗu za a fara ba ta Fansidar na kariya daga maleriya, tsakani wata guda, aƙalla sau uku. A yi mata gwajin hantar da Likita ya faɗa, kuma jariri ya samu allurar hanta cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu. Wannan al'adar ta sai an yi suna a fita da yaro ita ke sa mu rasa lokacin. Wani abin mamaki, asfirin ɗin da aka hana ka, akan rubuta shi ga mai cikin da ke da haɗarin jijjiga. Akan rubuta na ce, ba a saya da ka ba.

Auta kuma ka ɗauki katinsa ka duba. Kebbi da Bayelsa aka fara ba allurar maleriya a Disamba 2024, kuma ba alfarma aka yi mana ba: binciken 2021 ya samu kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran jihar nan da ƙwayar cutar a jini, mafi yawa a ƙasar. Sau huɗu ce, wata 5, 6, 7, sai ta ƙarshe a wata 15 tare da ƙyanda ta biyu. In bai fara ba a kai shi yanzu. Ta wata 15 ɗin ce iyaye ke mantawa, sun saba da cewa an gama a wata tara. Kuma ba ta maye gurbin gidan sauro ba, ko maganin da ake bi gida-gida ana ba yara wata-wata da damina.

Basarke daga Yauri

Duk na karanta, Allah ya ƙara sani. Amma ba wanda ya taɓo namu na bakin ruwa. Yaranmu maza kusan kowa sai ya yi fitsarin jini, har wasu na ɗauka alamar girma ce. Ni kaina da na yi wayo na daina gani, ban sha komai ba. 'Yan makaranta akan raba musu ƙwaya, mu manya da ke kwana cikin ruwa da koma da taru ba a ba mu. Tsargiya tana cikin ƙa'idojin nan ko an manta da mu?

Likitan Iyali, Birnin Kebbi

Tana ciki, ɗan'uwa, kuma ita ma ta canza. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk garin da mutum ɗaya cikin goma ko fiye ke da ita, a ba kowa praziquantel shekara-shekara tun daga ɗan shekara biyu, har manya, har masu shayarwa da masu cikin da ya wuce wata uku. A da an fi karkata ga 'yan makaranta.

Daina ganin jini ba warkewa ba ne. Tsutsar na iya shekaru a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai, ƙwan ne ke tabo, su toshe hanyar fitsari, su taɓa ƙoda, wasu su kai ga sankarar mafitsara. Mata kuma takan taɓa musu gaba, a yi ta ba su maganin sanyi ba sauƙi. Ka kai fitsarin tsakar rana a duba, lokacin ƙwan ya fi fita. Maganin da nauyi ko tsayi ake auna shi, kuma a ci abinci kafin a sha, in ba haka ba jiri da tashin zuciya za su sa ka rantse ba ka ƙarawa. Tunda sana'arka cikin ruwa take, za ka sake ɗauka, don haka abin na shekara-shekara ne. Ka je sashen lafiya na ƙaramar hukumarku ka tambayi jami'in da ke kula da rabon maganin tsargiya da na tsutsar ciki ko garinku na cikin jerin da ake ba manya, in kuwa ba ya ciki, ku sa Sarkin Ruwa da mai gari su rubuta a zo a ɗebi fitsarin jama'a a gwada.